Kumbon Jumare

A zauren Malam Jalo, nan Ƙofar Kuyambana, akwai wata fatar akuya da ba a salla a kanta, ba a kuma zama. Ƙasa guda aka zana a jikinta da tawada: ga dazuzzuka, ga duwatsu, ga ƙauyuka, ga wani baƙin kogi da ya raba fatar biyu. A hayin kogin, wajen ƙafar baya ta hagu, akwai da'ira mai ƙofa ɗaya. Wannan shi ne Birnin Hayi, kuma a lokacin da nake ba da labari babu wanda ya taɓa shigarsa a cikinmu.

Malam Jalo ya yi aikin kuku a gidan wani Bature, malamin jami'a a Samaru. Can ya ga abin. Ya ce sai Baturen ya tara abokansa a tebur, manya da su har da masu gemu, su baje takarda, su jera 'yan gumaka na dalma. Ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya zama mutum guda a cikin labarin yana faɗin abin da zai yi. In aka rasa ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa wata ƙwaya mai fuska ashirin, ita ce alƙali: babbar lamba ta ba ka, ƙarama ta hana ka. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar wa Malam Jalo butar shayi da wannan ƙwaya. Butar ta huje tuni. Ƙwayar kuwa koriya ce shar, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga kamar akwai wani ɗan daji a cikinta, har da hazo.

Gumakan bai ɗauko ba, ya ce ba za a shigo masa da gunki zaure ba, kowa ya nemi abin da zai tsaya a madadinsa. Ni ƙwallon goriba ne, maharbi mai jaki. Tanko mai hatsi, taubashina, murfin kwalbar turare ne, wai shi falke. Liman ya taɓa leƙowa ya ga ko caca muke yi. Da bai ga komai a ƙasa ba sai goriba da murfi, ya ce Allah ya shirye mu, ya wuce. Ranar Juma'a bayan la'asar muke zama, mu tashi in an kira magariba.

Dokar wasan ɗaya ce tak: magana zarar bunu. Abin da ya fito daga bakinka ya fito, ba a mayar da shi, ko kai ne mai jan labarin.

Birnin Hayi kuwa shi ne ran Malam Jalo. Ya taɓa gaya mini, muna dawowa daga jana'iza, cewa Zariyar ƙuruciyarsa ce ya kwashe ya kai can: ganuwa ba ta zube ba, rimaye na tsaye, marina na aiki, ana rufe ƙofa da magariba. Ya san sunan kowane marini a birnin, ya san rijiyar da ruwanta ke da zartsi.

"Yari," in ji shi, "birni ta ƙofa ake shigarsa. Ka zo da gajiya a ƙafa, ka yi sallama, a tambaye ka ɗan wane ne kai. Haka nake so in shigar da ku kafin ƙasa ta rufe mini ido. Shi ke nan abin da ya rage mini."

Shi ya sa bai taɓa gaggawa da mu ba. Mun daɗe a bakin kogin nan muna lallashin Gwaggon Kogi, wata tsohuwa mai haƙori ɗaya da ƙafafun agwagwa, wadda fiton kogin ke hannunta. Mun kai mata goro, mun kai mata taba, na taɓa cire mata ƙaya a tafin ƙafa. Kullum sai ta ce mu dawo in ruwa ya huce.

Sai Jumare ya shigo cikinmu.

Jumare ɗan ƙanen Malam Jalo ne, yana gyaran na'urori a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru. Yana da babur ƙirar basfa, kuma shi ya fara shigo da bidiyo unguwarmu. Ruwan sama ne ya tsare shi a zauren wata Juma'a. Ya zauna yana kallonmu yana murmushi, can ya ce shi ma zai taɓa.

"To nemi abin da zai tsaya maka," in ji Malam Jalo.

Ya laluba aljihu ya fito da tsohon fulogin basfa, baƙi ƙirin da mai, ya dasa shi a kan fatar. Na ga Malam Jalo ya runtse ido kamar an taka masa gyambo, amma ya ƙyale shi. Ɗan ƙanensa ne.

Jumare bai kai wa Gwaggo goro ba, bai tambaye ta ya sanyi ba. Ya ce kawai ta ba shi abin hayewa, ya jefa ƙwaya. Ta gangara, ta yi juyi, ta tsaya a kan ashirin. Ba mu taɓa ganin ashirin a bakin kogin nan ba. Malam Jalo ya yi ajiyar zuciya, ya siranta murya irin ta tsohuwa.

"Ɗan nan, ka zo da sa'a. Na ba ka jirgi."

"Wane jirgi, Baba?"

"Jirgi mana. Jirgi."

"Ai ba ta ce na ruwa ba. Ni na sama na karɓa."

Tanko ya buga cinya har hularsa ta faɗi. "Wallahi ba ta ce ba! Zarar bunu, Malam! Zarar bunu!"

Na sha yin tunani a kan wannan kalma. Kakanninmu jirgi ɗaya suka sani, na itace, wanda ake tuƙawa da gora. Da aka kawo mai tafiya a kan dogo muka ce jirgi, da aka kawo mai tashi muka ce jirgi, kamar an hana mu raɗa suna. Ga inda rowar suna ta kai mu: tsohuwa mai ƙafar agwagwa ta wayi gari tana rabon jirgin sama.

Malam Jalo dai ba yaro ba ne. Nan take ya ce ai akwai wani hadari a kan kogin, daga dab da ruwa har inda sama ta ƙare, ba ya zuba, ba ya gushewa, tsuntsu ma ba ya ratsa shi. Da wannan ya tsare birninsa. Amma jirgin ya riga ya shigo ƙasar, kuma in ɓera ya sami rami ba shi kaɗai yake shiga ba.

Malam Jalo ya ce babu fetur a ƙasar. Jumare ya ce da hasken rana jirginsa ke aiki. Juma'a ta gaba ya buɗe wata akwati a cikin jirgin, ya sami bindigar haske, wai kamar tocila take amma tana narka dutse. Wadda ta biyo baya ya sami mutum-mutumin ƙarfe, ya sa masa suna Lamba Bakwai. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya gaisuwa. Shi ya karɓe ɗaukar kaya, aka ce jakina ba shi da wurin zama a jirgi, na bar shi a wani ƙauye yana kallona. Tafiyar da muke yi a damina guda, mu kwana a gidan mutane, mu ci abin da aka ba mu, yanzu kafin Tanko ya gama ɓare goro an iso. Duk inda fulogin nan ya tsaya a kan fatar sai ya bar ɗigon baƙin mai, har ƙasar ta zama kamar ta yi ƙyanda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na Dodon Tsamiya. Dodo ne, gaskiya, yana cin mutane in ya ga dama, amma gurgu ne, yana son fura mai tsami, kuma in ka zauna ka ji kukan da yake yi da gwiwoyinsa sai ya bar ka ka wuce, har ya gaya maka inda ramin kura yake. Mun saba da shi. Ranar da muka sauka kusa da tsamiyarsa na fara gyara murya zan gaishe shi, sai Jumare ya ce, "Na haska shi." Ya jefa ƙwaya, ta ba shi.

Doka ta sa dole Malam Jalo ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Ya ce dodon ya ɗaga hannu yana cewa sannunku da zuwa, sai ya narke kamar man shanu a rana, ya bi gindin tsamiya, ƙaurin gashi ya tashi, ba abin da ya rage sai sandar da yake dogarawa. Yana faɗa yana kallon bango. Tanko na ta ƙyaƙyata dariya yana cewa a sake haska wani. Ni kuwa ji na yi kamar an zuba wa tuwo kananzir an ce in ci.

"Kai Jumare," na ce, "wannan ba wasa ba ne, ɓarna ce."

"Haba Kawu, mene ne bambancin? Kuna da layar zana, mutum ya ɓace ana kallonsa, kun yarda. Kuna da tsohuwa mai ƙafar agwagwa, kun yarda. Ni na zo da tocila kun ce ɓarna. Duk ba ƙarya muke yi ba?"

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Malam Jalo ne ya ce, a hankali, "Laya sai ka durƙusa wa wani kafin ya ba ka. Tocilarka kuwa dannawa kawai ake yi."

"To ai ci gaban ke nan, Baba."

"Ci gaban mai haƙan rijiya," in ji ni.

"Ku tsofaffin nan," in ji Tanko, "baƙin ciki kuke yi an daina tafiya a ƙasa. Kai Yari, in jakinka kake kewa, ga ƙofa nan, bi shi."

"Ai ina ganinka kullum, kewar me zan yi?"

Da aka kira magariba Jumare ya tsaya a bakin zaure yana kaɗa makullin basfa. Ya ce ya gano maganin hadarin nan. Juma'a mai zuwa zai mayar wa Gwaggo jirginta ta ba shi kumbo, irin wanda ake harbawa zuwa wata. Zai bi ta saman hadarin, ta inda babu iska ma, ya sauko tsakiyar Birnin Hayi, cikin kasuwa.

"Ba ta ƙofa ba?" in ji Malam Jalo.

"Me za a yi da ƙofa, Baba? Sai dai su ga wuta daga sama."

Cikin makon na je duba Malam Jalo, na same shi a zaure shi kaɗai, ya shimfiɗa fatar, da aska a hannunsa. Ya ɗora bakin askar a kan da'irar nan.

"Gara in kankare shi, Yari. Ka duba fa. Ƙarfe ya faɗo tsakiyar kasuwa yana aman wuta, ya ƙone rumfuna, wannan Lamba Bakwai ya fito yana taka tabarmin mutane ba sallama. Kuma ni zan faɗa da bakina."

Na ce ya yi haƙuri, wataƙila ƙwayar ta ƙi shi. Ya ce ƙwayar nan tun da ta ga ɗan boko ta manta wanda ya riƙe ta. Da ƙyar na karɓe askar.

Ranar Juma'a Jumare ya zo da wuri, har da hoton da ya yanko daga wata mujalla, wani dogon abu fari mai tsini kamar tabarya, wuta na fita ta gindinsa. Tanko ya karɓa yana jujjuyawa yana cewa shi kusa da taga zai zauna. Aka jera mu a bakin kogi: goriba, murfi, fulogi, da wata ƙusa da aka ce ita ce Lamba Bakwai.

"Gwaggo," in ji Jumare, "ga jirginki. Ki ba ni kumbo."

Ya jefa ƙwaya. Sha tara. Tanko ya yi guɗa kamar mace.

Malam Jalo kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, amma na san ya ji sarai. Lokaci kawai yake ja, kamar wanda za a cire wa haƙori. Ya kara hannu a kunne.

"Me ka ce, ɗan nan?"

"Kumbo!"

"Iye?"

"Kumbo, Baba! Kumbo nake so a ba ni! A kawo kumbo!"

Malam Jalo ya buɗe baki zai yi magana ke nan, sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Hajiya Batulu ce, matarsa, ta leƙo tana haki, da wata faffaɗar ƙwarya a hannu, irin wadda ake zuba tuwo, ta tsufa har ta yi ja, an ɗinke tsaguwarta a gefe ɗaya.

"Tun ɗazu ake ihun kumbo, kumbo, kamar gidan babu mutane. Ga shi nan. Kai Jumare, in yunwa kake ji sai ka jira, ko ruɗe ban yi ba. Kuma a maido mini da abina, na gado ne."

Ta dire shi a kan tabarma ta koma. Warin daddawa da tsohuwar miyar kuka ya cika zauren.

Malam Jalo ya dubi kumbon, ya dubi hoton da ke hannun Tanko, ya sake duban kumbon. Na ga gemunsa ya fara rawa. Ya sa hannu biyu ya ɗauko ƙwaryar, ya ajiye ta a bakin baƙin kogin, ya siranta murya.

"Na karɓi jirgina, ɗan nan. Ga kumbonka. Allah ya kiyaye hanya."

"A'a! A'a, Baba, kumbon sama nake nufi!"

"Ka ce na sama?"

"Ai kowa ya san abin da nake nufi! Ga hoto!"

"Gwaggo ba ta kallon hoto. Yari, ka ji ya ce na sama?"

"Kumbo na ji," na ce. "Har cikin gida ma abin da aka ji ke nan."

Jumare ya juya ga Tanko yana neman mai tsaya masa. Amma Tanko ba ya bayan kowa, shi dai ya ga an kama wani. Ya yar da hoton ya kwanta a tabarma yana shure-shure.

"Zarar bunu, ɗan boko! Zarar bunu! Wayyo cikina! Za mu je wata a ƙwaryar tuwo!"

Malam Jalo ya tsince mu ɗaya bayan ɗaya ya jefa cikin kumbon. Da ya zo kan ƙusar nan sai ya ce Lamba Bakwai ya sa ƙafa ɗaya kumbon ya karkata, Gwaggo ta ce ko shi ko mu. Aka bar shi a gaɓa yana tsaye, ruwa na dukansa. Bindigar haske kuwa ta jiƙe tun a igiyar ruwa ta farko, Jumare ya jefa ƙwaya don ya cece ta, ta ba shi biyu. Daga nan Malam Jalo ya riƙa tura kumbon a hankali a kan tawadar kogin, yana juya shi. Ya ce mun bi ta ƙarƙashin hadarin, duhu ya rufe mu, ruwa na shiga ta wajen ɗinkin, muna kwarfewa da hula. Ya ce wani kifi mai gemu ya leƙo ya tambaye mu labarin Dodon Tsamiya, muka dubi Jumare. Ya ce Jumare ya yi amai sau da yawa, kuma a cikin kumbo babu inda za ka kau da kai.

Kumbon ya taɓa gaɓar hayi. Malam Jalo ya fito da mu ya jera a gaban ƙofar da'irar.

"Kun iso a jiƙe, da laka har gwiwa. Ga ganuwa, ba ta zube ko ta wuri ɗaya ba. Ga ƙofa a buɗe, rana ta yi sanyi. Ga Sarkin Ƙofa zaune a kan dakali yana murza igiya. Yari, ga jakinka a ɗaure kusa da shi."

"Ya aka yi ya riga mu?"

"Jaki ne. Ya san hanya."

Na gyara zama, na cire hula na mayar. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Ɗan wane ne kai?"

Na faɗa masa sunan ubana na gaskiya, ban san lokacin da ya fito ba. Ya ce ya san shi, in shiga.

Tanko ya yi sallama shi ma, yana share hawayen dariya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai lantarki a garin?"

Malam Jalo ya dube shi kamar ya ga ƙuda a nono. "Sarkin Ƙofa ya ce bai ji ba. Wuce, kafin ya ji."

Saura Jumare. Ya naɗe hannu a ƙirji yana kallon rufin zaure. Can dai ya ce salamu alaikum, a daƙile.

"Wa alaikumus salam. Kai na san ɗan wane ne. Shigo, gidanku ne. Amma ƙarfen nan a bar shi waje, kamar yadda ake barin takalmi." Malam Jalo ya laluba ƙarƙashin tabarma ya fito da ƙwallon dabino ya miƙa masa. "Ga wanda zai tsaya maka."

Jumare ya dubi ƙwallon dabinon. Ya danna fulogin a kan fatar da ƙarfi, ya murza, sannan ya ɗauke abinsa ya jefa a aljihu.

"Ku yi ta zama a zamanin jaki. Ni ina da abin kallo a gida. Sai an jima, Baba."

Ya fita ya buga basfa, ta ƙi, ya sake bugawa ta tashi, ta turo mana hayaƙi har cikin zaure. Muka yi ta tari.

Da hayaƙin ya lafa muka ga abin da ya bari: tabon baƙin mai kamar kan ɗan yatsa, dab da ƙofar Birnin Hayi. Malam Jalo ya sa bakin riga ya goge, tabon ya ƙara faɗi. Ya tofa yawu ya sake gogewa, ya ƙara faɗi. Ya daɗe yana kallonsa, hancinsa a tattare.

"To," ya ce. "Wannan juji ne. Kowane birni da jujinsa. Ku toshe hanci ku bi ta dama."

Muka toshe hanci, ni da Tanko, da gaske. Malam Jalo ya tura goriba da murfi suka shige ta ƙofar.

"Da kuka shiga, sai inuwar rimi ta rufe ku. Daga hagu kuna jin bugun marina. Wannan da ke tahowa da shuni har gwiwar hannu, sunansa Nasidi, kuma zai tambaye ku ko kun ci abinci."

Daga cikin gida Hajiya Batulu ta ɗaga murya tana tambaya ko an gama da kumbonta, tuwo ya nuna.